Bazarar Barmo da Buhun Iri

A ƙauyen Gidan Tsamiya akwai wani mutum wai shi Barmo, wanda in ka ce masa ya tsaya, to sai ka dawo ka ce ya zauna. Gidansu daga shi sai tsohuwarsa Tabawa, da jaki, da ɗan buhun irin gero na gado, mai nuna da wuri, zangarniya kamar damtse. Gonarsa tana iyaka da ta taubashinsa Jatau, ɗan wan Tabawa. Jatau mai wayo ne, in ba ka sani ba ma shi zai gaya maka, yana murza gashin baki. Amma dubi rashin adalcin duniya: duk kaka geron wawa ake tsayawa kallo, na mai wayo a wuce shi. Jatau ya roƙi irin nan har bakinsa ya gaji, gwaggonsa ta ce sai bayan ranta.

Wata rana Barmo ya ji ana cewa bazara ta shigo.

"Iya, mece ce bazara?"

"Rani ya gama nasa, damina ba ta fara nata ba. Ƙasa ce take hutawa kafin ruwa ya sauka."

Barmo ya tuɓe takalmi, ya koma tafiya da sanɗa. Ya bi gida-gida yana karɓe taɓare a hannun mata masu daka, yana raɗa, "Za ku tashe ta." Ranar rabin unguwa da gaya suka kwana. Jatau ya gyara zama yana jiran a yi wa wawa dukan tsiya, sai ya ji mata na dariya suna cewa, "Allah sarki Barmo, har ƙasa yake tausayi." Da Jatau ne, da taɓaryar za a rotsa masa kai.

Wata rana, mutane na kai taki gona, Jatau ya ga jakin Barmo da mangala, abin ya tsaya masa a wuya.

"Kai bawana, ina za ka? Manya a bazara inuwa suke samu su zauna, ba a tashi sai an ga hadari."

Barmo ya zauna a gindin tsamiyar gonarsa. Magariba ta yi bai tashi ba, gari ya waye yana nan. Tabawa ta zo har ƙofar Jatau da muciya a hannu.

"Ɗan nema, kai ka zaunar da shi, kai za ka kai takin."

"Haba Gwaggo, wasan taubashi ne fa."

"To a ci gaba da wasan, ga jaki can."

Haka mai wayo ya wuni yana jigilar taki zuwa gonar wawa, wawa na inuwa yana masa sannu da aiki. Jatau ya tara kara ya cinna wuta ko hayaƙin zai ruɗi Barmo ya zaci hadari ne. Barmo ya duba sama ya ce, "Wannan ai hayaƙi ne, Jatau. Kai ba ka san hadari ba?" Sai da wani guntun gajimare ya gifta aka samu ya miƙe.

Wata rana Jatau ya ce shi kam ya gaji da kewaye-kewaye, irin zai ɗauke. Ya ja Barmo bayan danga.

"Bazara lokacin ɓarayin iri ne. Kai irin nan gonarka ka tona rami ka rufe shi, kada ka gaya wa kowa, ko Gwaggo."

Washegari da azahar, gari ya yi tsit kowa ya gudu inuwa, Jatau ya ɗauki fartanya ya nufi gonar. Ya tona gindin tsamiya, babu buhu. Ya tona bakin iyaka, ya tona jikin suri, har tafinsa ya yi kanta. Ashe Barmo hanya ɗaya ya sani ta rufe iri a rami: ya sara da sungumi, ya jefa 'yan ƙwayoyi, ya take da diddige, ya yi gaba. Haka ya bi gonar kaf. Da Tabawa ta ji, ta ɗora hannu a ka, don shuka a busasshiyar ƙasa kasada ce, in ruwa ya makara iri ya tafi.

Ruwa kuwa bai makara ba. Mutane na fita shukar fari, gonar Barmo ta riga ta yi kore. Dattawa suka tsaya a bakin iyaka suna jinjina kai, wai yaron nan ya san kan bazara, ya yi binne ya riga kowa.

"Shawarata ce fa," in ji Jatau.

"Gaskiya ne," Barmo ya ce, ya zaro wani abu daga hammata. "Ka ce in rufe iri, ba ka ce buhu ba. Ga shi, tukuicinka."

Jatau ya karɓa. Ya bari sai da aka watse, ya juye buhun ya kakkaɓe a tafin hannu. Wawan ya riga ya kakkaɓe shi sarai.