Ranar da Hankakana Ya Ci Gyaɗar Juri

Ba zan taɓa mantawa da ranar sutanas ɗina ba, ko da ina so, wato ranar da na tsaya gaban malamai uku na juri don kare binciken mastana a jami'a, can Lamordé.

Kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye na yi aikin. Na rubuta cewa ta hankaka ba ta fi goro girma ba, amma ƙwayoyinta a cushe suke, kuma tun zamani mai nisa ta bi hanyarta daban da tamu har ta iso ga dabara. (Har da 'yar waƙa na saka a shafin farko. Allah Ya yafe mini.) Gurbin karatun dakta ɗaya ne tak a sashenmu, na wanda ya fi maki. Don in burge juri, wata takwas na yi ina koya wa wani hankaka mai karyayyen fiffike, da na tsinta a lambunan Goudel, ya riƙa jefa tsakuwa cikin kwalba har ruwa ya taso da ƙwayar gyaɗa.

Abin da na manta shi ne al'adarmu: dangin ɗalibi ke ƙawata teburin juri. Tanti Rabi, ƙanwar mahaifiyata, ta zo tun daga Zinder, ta jera lemo, dabino da faranti uku na soyayyar gyaɗa.

Na buɗe keji. Hankaka ya dubi kwalba, ya dubi tebur. Ya yi tsalle biyu ya sauka gaban Farfesa, shugaban juri, ya hau ci. Da ya ƙoshi, ya koma ya ɗauko tsakuwa ɗaya, ya sake ta cikin kofin Farfesa. Ruwa ya fallatsa kan takarduna.

Daga bayan ɗaki Tanti ta ɗaga murya: "Ku bar shi ya ci, bawan Allah! 'Yar nan yunwa take barinsa da ita!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Farfesa ya goge tabarau, ya ce a hankali, "Madamazel, tsuntsunki ya ci jarrabawa. Saura ke."

Duk amsoshin da na haddace suka tashi. Gurbin ya tafi ga wani mai binciken fara.

Yanzu ina koyarwa a wani kolej a unguwar Dar es Salam, hankakan yana tsakar gidanmu, ya yi ƙiba. Na koyi cewa shi da shigarsa ɗakin ya fara duba abin da ke kan tebur. Ni, mai shafi ɗari kan hankali, ban duba ba.