Sikelin Bakin Ƙofa

Wani ne ya kashe mana kasuwar masu yawon buɗe ido. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Duk inda aka kai shi aiki, kafin wata ya ƙare an koro shi. Yayarsa ta yi ta magiya har mijinta, manajan wani gandun daji, ya ba shi gadin ƙofa.

Manaja ya ce, "Buɗe kunnenka. Baƙo ba ya barin komai a dajin nan, ba ya ɗaukar komai. Yadda ya shiga haka zai fita. Ka yi shirme ko sau ɗaya, ka koma yayarka ta ci gaba da ciyar da kai."

"An gama, Yaya."

"A nan Yallaɓai nake."

Washegari sai ga gogan naka da sikelin awon buhu, ya girke a bakin ƙofa. Kowa ya zo sai ya hau, shiga da fita. Manaja kaɗai ke wucewa a mota, gilashi a rufe.

Wani ɗan kasuwa ya sha hawan dutse, ya fito yana haki, riga sharkaf.

"Alhaji, bismilla, hau."

Ya hau.

"Kai! Ka rage kilo biyu. Ina ka bar su?"

"Gumi ne, bawan Allah!"

"Mun ce muna so ne? Koma ka kwaso abinka."

Bayansa wata malamar makaranta ta hau. Allura ta ɗan gota.

"Malama, kin ƙaru. Buɗe jaka."

Ta buɗe, ba komai sai tabarau.

"To me kika haɗiye?"

"Ruwan ƙorama na sha, ƙishi ya dame ni."

"Ruwan bareyi? Su kuma su sha me, lemo? Tsaya can cikin rana har ki maido musu."

Kafin la'asar ƙofa ta cika da ihu. Alhaji na rantsuwa sai ya kai ƙara, malama na fifita da mayafi, wata bas cike da baƙi ta juya tun daga nesa. Sai ga manaja ya diro daga mota, maɓallin rigarsa na neman tsinkewa.

"Kai wane irin gaula ne? Bareyi na ɓace min ɗaya bayan ɗaya, hukuma ta sa ni gaba, ga ka kana korar min baƙi! Tattara sikelinka ka bar min gandu!"

Mutumin ya dube shi tun daga wuya har tumbi. Ya sa hannun riga ya goge sikeli tas.

"Yallaɓai, kowa na auna a ƙofar nan. Kai kaɗai ne bareyi na raguwa kana ƙaruwa. In ƙarya nake, ga sikeli, hau."