Sanarwar Rasuwar Tankin Ruwan Tsohuwar Tasha

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙafafu a kumbure, ni matar marigayi mai gadin tashar jirgin ƙasa nake sanar da jama'a rasuwar tankin ruwan tashar. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, masu gyara ne.

Marigayi tankin ya girme ni. Na zo gidan miji na same shi tsaye kan ƙafafunsa na ƙarfe yana shayar da jirage. Da jirage suka daina zuwa, ma'aikata suka watse, ciyawa ta cinye layin dogo, shi bai ajiye aiki ba, mu ya koma shayarwa. Bai taɓa tambayar mace 'yar gidan wa ce ba. Ka murɗa famfonsa ya yi gyaran murya, ƙurrr, sannan ya saki ruwa shaaa. Da shi na raini 'ya'ya har da jikoki.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ranar da 'yan kwamitin adana tarihi suka sauka da takalmansu masu sheƙi. Shugabansu, wanda na haifi sa'ansa, ya ɗaga kai ya duba, ya ce wai ruwa na sa masa tsatsa. To ɗan nan, me aka ƙera tanki ya riƙe, iska? Suka yanke bututun rijiyar da ke cika shi, suka tsiyaye shi ƙasa ta shanye muna kallo, suka shafe shi da koren fenti, suka kewaye shi da waya. Har allo suka kafa. An karanta mini, wai mutanen da, a nan suke ɗiban ruwa. Mutanen da! Ni ce fa, kuma ban mutu ba.

Ya rasu ya bar maƙwabciyata makauniya wadda ƙafarta ta haddace hanyarsa, da mai wanki na bayan tasha, da awakin unguwa, da gwiwoyin nan nawa da yanzu nake ja har famfon bayan kasuwa. Na je ofishinsu har na gaji, kullum sai a ce Mama ki dawo gobe. Ban roƙi kowa komai ba, bututunmu kawai za a mayar.

Za a yi jana'iza ranar da manya za su zo buɗe wurin. Mata, kowa ta taho da bokitinta da tulin wankin gidanta, mu zauna a bakin ƙofa har su fito. Ba za a yi wa gawa wanka ba, babu ruwa. Masu zuwa ta'aziyya su taho da nasu na sha.