Ilham Da Ɗan Amalanken Kanti

"Lafiya lau, malalacin dangi. Ina 'yata?"

Muryar Wasila ke nan a waya. Alkasum kuwa yana tsaye tsakanin layin taliya da na sabulu a sabon babban kantin nan, gumi na keto masa duk da sanyin wurin. Wasila 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, tun suna yara ba su taɓa gaya wa juna maganar gaskiya ba. Yau don burga ya ɗauko 'yarta Ilham, 'yar shekara uku, daga unguwar Kara-Kara. Yarinya ta ga ƙananan amalanken da aka ajiye wa yara, ta cafki ɗaya. Gogan ya tsaya shinshina turare, ko da ya waiwayo ba yarinya ba amalanke.

"Wasila, Ilham ta ɓace."

"Ka dai sayar da ita. Bara ma akuyata ka ce kura ta cinye, a tsakiyar Damagaram."

"Ke kika haifo yarinya mai ƙafar yawo irin taki," in ji shi. "Ba wasa nake ba."

"Haka ka ce ranar akuya. Laifina ne da na ba gwauro amana, mutumin da takalminsa ma ba ya dawowa daga masallaci."

Ya ruga bakin ƙofa. Maigadi ya ce bai ga kowa ba. Alkasum ya dubi titi, 'yan kabu-kabu na ta sheƙa gudu. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Da wane baki zai tunkari kawu?

"Wallahi tallahi, Wasila, ban gan ta ba."

Rantsuwa ba ta taɓa shiga wasansu ba. Can sai ya ji kukan ƙaramar taya, ƙii-ƙii, a cikin wayar, sannan a bayansa. Ya juya. Ga Ilham tana turo amalanke cike da biskit, ga uwarta da waya a kunne. Ashe tun daga gida ta biyo sawunsu, yana cikin turare ta janye 'yarta.

Alkasum ya zauna kan buhun shinkafa.

"Kuka kake yi, gwauro?"

"Turare ne ya shiga mini ido." Ya damƙe hannun Ilham gam, ya yi wata 'yar dariya. "Kin ci, Wasila. Akuyar ma gobe zan kawo miki abarki."