Tocilar 'Yar'azumi

"Lafiya lau, sai dai ƙafa. Ina gajiyar farauta, sarkin maharban duniya?"

Haka tsohuwa 'Yar'azumi ta amsa gaisuwar jikanta Ja'afaru, ko kai ba ta ɗaga ba daga kifin da take gyarawa a gindin tsamiyar bayan ɗakinta. La'asar ce sakaliya, a wani ƙauye kusa da Guri, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Ruwa ya janye daga fadama, an shuka wake, zomaye kuwa sun mayar da gonakin tamkar gadon ubansu. Ja'afaru ya tsuguna, ɗan karensa mai dogayen ƙafafu da siririn baki, wanda ya raɗa wa suna Guguwa, ya kwanta gefe yana kallon kifin.

Tun da ta ji sallamarsa ta yi laushi ta san abin da ya kawo shi: tocilar da ɗanta Bala ya aiko mata daga barikin soja, wadda duk ƙauyen babu mai irinta.

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata," in ji Ja'afaru. "Kai, yau kin yi kyau."

"Kamar me?"

"Kamar tarwaɗar da aka manta a kan wuta."

"Ka ji mijin banza! Wata nawa rabon da ka kawo mini ko ƙashin nama? Janye wannan abin naka, kada ya lasar mini ƙwarya."

"Guguwa ba ya lasar ƙwarya. Jinin sarauta ne. Uwarsa ta taɓa kama barewa biyu a gudu ɗaya."

"Biyu?"

"Ɗaya a baki, ɗaya a wutsiya."

"To, shi ubansa ya gado ke nan. Barira maƙwabciyata ta ce jiya an ga wuta tana gudu a fadama, har mutane suka soma karanta addu'a. Ashe kai ne da damin kara a hannu."

"Zomo muke bi."

"Wa ke bin wa? An ce karen ya riga ka isowa gida da nisa."

"Ya zo ya sanar da gari ne a kawo ɗauki. Ba ki ga zomon ba, Kaka. Ƙato, kunnuwa kamar faifai, tsayinsa ya kai ƙuguna."

"Jakin Auta ne, ɗan nema! Auta ya zo nan da safe yana tambaya wane mahaukaci ne ya kori jakinsa da wuta har bakin kogi."

Ja'afaru ya sosa ƙeya. "Shi ya sa na ce matsalar haske ce. Wutar kara tana haska ni ne, ba ta haska zomo. Shi yana ganina, ni ba na ganinsa. Amma da a ce akwai wata tsohuwa mai kirki, mai farin jini, wadda ke da wata 'yar fitila ta Nasara tana ajiye a ƙarƙashin gado…"

"Allah ya haɗa ka da ita."

"Ai ya haɗa."

"Bai haɗa ba. Wutar da ke cikin tocilar nan ɗana ne ya zuba ta tun daga Bama. In ba ka, ka je ka zubar mini da ita a gonar wake?"

"Batir ne, Kaka. Ana sayar da shi a kanti a Malam Madori."

"Kai ne batir. Ni da nake kunna ta sau ɗaya in kalli rufin ɗaki in kashe, kai za ka yi ta watsa ta a daji kamar mai shiƙa."

"To me kike nema a rufin ɗakin? Samarin da suka gudu?"

"Ina duba ko akwai miji na gari ne a can, tunda na ƙasa ya lalace."

Ja'afaru ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya miƙa hannu ya shafa kan karen.

"Baba ya ce Juma'a," ya ce, muryarsa ta sauka. "In Juma'a ta zo bai kama komai ba, ya bar gidan. Ya ce kare in ba na farauta ba ne ko na gadi, ba shi da mazauni a gidan malami."

Wuƙar 'Yar'azumi ta tsaya a cikin kifin. Ta san ɗanta Malam Abdulwahid, in ya faɗi magana ba ya komawa ya ɗauke ta. Ta kuma tuna ranar da Ja'afaru ya shigo da wannan kare a cikin rigarsa, lokacin da ruwa ya cika, ya tsinto shi a kan wani tudu yana rawar ɗari, bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ta ci gaba da gyaran kifin. Ta taɓe baki.

"Madalla. A huta da ƙuma. Kare ne ko buhun gero? Dubi cikinsa. Wannan ba Guguwa ba ne, Ci-ka-kwanta ne."

"Yauwa, na gode da kika kawo maganar cikin nan. Ni tuwo loma biyu nake ba shi. Wa ke ba shi sauran?"

"Ina na sani? Tambayi aljanun fadama."

"Kullum da hantsi sai ya ɓace, ya dawo bakinsa yana ƙarnin kifi."

"Ƙila su yake yi, tunda farauta ta gagare shi."

"Ke ce, tsohuwa."

"Ni? Ni da ko inuwarsa ba na yarda ta faɗa kan butata?"

"To mu gwada."

Ja'afaru ya tashi ya koma can bakin danga, ya tafa hannu. "Guguwa! Zo nan! Guguwa!"

Karen ya ɗaga kunne ɗaya, ya mayar. Ja'afaru ya yi fito, ya buga cinya, ya kira shi da duk kirarin da ya sani. Ko motsi. Ita kuwa 'Yar'azumi, don ta nuna babu ruwanta, sai ta juya baya ta yi ɗan tsaki. Ai kuwa Guguwa ya zabura kamar an tsikare shi, ya zo gabanta ya zauna, wutsiya tana share ƙasa, ido a kan hannunta.

"Tafi can, munafuki!" ta ce. "Allah wadaran mai tona asiri."

Ja'afaru ya riƙe ciki. "Kin gani! Ni ina horo da dare, ke kina warwarewa da safe!"

"Kan kifi ne kawai. Da ɗan ƙanzo. Wani lokaci romo." Ta goge hannu a zane. "Kuma horon me kake yi? Kakanka marigayi ya yi shekara talatin yana farauta da karnuka a fadamar nan, ni nake dafa abin da suka kamo. Zauna in gaya maka, tunda kanka kamar tulun da aka kife."

Ya zauna.

"Tun azahar kada ya ci komai."

"Ki gaya wa kanki."

"Rufe mini baki. Ka samo fatar zomo wajen maharba, ka ɗaura a igiya, ka riƙa ja da rana yana bi. In ya kama ya kawo maka, ka shafa kansa. In ya gudu da ita, kada ka bi shi, shi zai dawo. Ranar fita, ka bari sai wata ya faɗi. Iska ta riƙa bugun fuskarka, ba ƙeyarka ba. Igiya tana wuyansa, ba ka sakinsa sai ka ga idon zomo ya yi ja a cikin haske. Sannan ka yi bisimilla ka saki, wuƙarka a kusa. Kuma bakin nan naka ka bar shi a gida."

"Ja a cikin wane haske, amarya? Na goshinki?"

Ta harare shi harara mai tsawo. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ƙafar tana ƙara, ta shiga ɗaki. Ya ji ana jan adudu. Ta fito da wani ƙunshi, ta warware tsumma na farko, ta warware na biyu, ta warware na uku. Tocilar ta fito tana ƙyalli kamar ranar da aka kawo ta. Ta ɗan riƙe ta a ƙirji kafin ta miƙa.

"In ta jiƙe, kada ka dawo garin nan. Ka wuce Nguru kai tsaye."

Ja'afaru ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa. "Allah ya bar mini ke. Zomon farko naki ne."

"Na farko da na biyu."

"To, na ji. Na uku nawa."

"Na uku na Guguwa ne. Shi ya yi gudun."

"Haba! Ni fa?"

"Kai?" 'Yar'azumi ta dube shi sama da ƙasa, dariya ta ƙwace mata har tana dafa tsamiya. "Kai ai ɗan riƙon fitila ne!"