Kujerar Mossie da Sabuwar Dokar Zubin Makaho

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kartar Lahadi, wanda ya zaɓi kansa ba hamayya, Mista Fergal Tuohy.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da ya shekara talatin yana duba mitar ruwa, ya yi ritaya ya dawo duba mu.

Na ga takardar da ka manna a jikin firjina. Shekara ashirin da biyu mu shida muna buga kartar poka a kicin ɗina bayan an taso daga coci, kuma zubin makaho, ɗan kuɗin nan da ake sawa kafin mutum ya ga katinsa, bin kujeru yake yi: wannan santi hamsin, na kusa da shi yuro ɗaya. Yanzu ka ce a daina zagaye, wanda ya ci wasan da ya wuce shi kaɗai zai zuba, wai haka ake yi a Amurka. Ranka ya daɗe, ina da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Amurkar nan sati guda ka yi, bikin 'yarka, kwana huɗu a ciki gudawa ta kwantar da kai. Yaushe ka samu sukunin wannan zurfin karatu?

Na biyu. Ka ce adalci ne mai ci ya biya. Madalla. Rabonka da ci tun bikin Ista, amma na tabbata wannan bai ko zo maka a rai ba, Allah ya raba mu da mugun zato.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san mijina Mossie ya rasu shekara uku ke nan, kuma ba mu ɗauke kujerarsa ba. Ana raba masa kati, idan zubi ya zagayo kansa in buɗe gwangwanin tabarsa in zuba masa, Bríd ƙawata ta ce, "Mossie, kana ciki?" mu ɗan saurara, sannan a kife katinsa. Gaskiya wasansa ma ya gyaru, don da yana raye asararsa ta fi haka.

To a sabuwar dokarka sai wanda ya ci zai zuba. Mutumin da bai ci ba da ransa, yanzu daga makabarta zai fara? Zubi ba zai sake zuwa kansa ba, ba mai sake kiran sunansa. Daga nan sai ka ce kujera tana zaman banza, ga surukinka kuwa wata biyu yana jingine da injin wankina yana kallonta. Biri ya yi kama da mutum, ranka ya daɗe.

Ba zan ɓoye maka ba, duk mako nan ne kaɗai nake jin an ambaci sunansa kamar zai amsa. Ina son abina.

Saboda haka cikin ladabi nake tunatar da kai cewa teburin nawa ne, shayin nawa ne, gurasar ma ni nake gasawa. Idan lallai surukinka sai ya zauna, akwai kujera ɗaya da mai ita bai ci ba tun Ista, kuma shi yana da ƙafar tashi.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Nuala Geraghty,
a madadin kaina da Mossie, wanda yake ciki.