Yadda Ake Kiwon Sarber Uku Ba Tare da An Yi Masu Mizajur Ba

Kai da aka ɗauka aikin kula da ordinater, wato kwamfuta, a biro, ofis ke nan, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka shekara cur ana kiranka injiniya. Ni Ɗanbaba na gwada su a shekarar farin 2010, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, a wani furoje, wato shirin agaji, mai rabon hatsi tsakanin Tasawa da Mayahi.

1. Ka san halin kowace

Sarber ita ce babbar ordinater da ke riƙe da sunayen masu karɓar hatsi. Uku gare mu. Ta Tasawa Windows ce, danne-danne take so. Ta Mayahi Linux ce, sai ka rubuta mata umarni a baƙin allo. Ta Kanan-Bakashe kuwa, Sanda da ya girka ta ya tafi Kano da kalmar sirrinta a kansa. Irin wannan gaishe ta kawai za ka riƙa yi daga bakin ƙofa.

2. Kada ka taɓa amsa mizajur

Mizajur shi ne sabunta lojisiyel, wato kayan aikin da ke cikin injin. Kullum za ta tambaye ka, "A sabunta?" Danna "sai an jima". Na yi wata goma sha huɗu ina dannawa. Masana sun tabbatar abin da ba a taɓa ba, ba ya lalacewa a hannunka.

3. Kile ɗaya ta ishi kowa

Kwafi lojisiyel ɗin Tasawa a kile, ɗan abin ajiyar fayil da ake cusa wa ordinater, ka hau mota zuwa Mayahi, ka cusa. Za ta ƙi, don harshensu ba ɗaya ba ne. Sauya wa fayil ɗin suna, ka sake cusawa. In ta kuma ƙi, ka ce rezo ne, wato layin sadarwa ya yanke. Ta haka Mayahi ta zauna da tsohon yayi, Tasawa da na tsakiya, ba mai jin maganar wata.

4. In shugaba ta shigo, buɗe baƙin allo

Sa rubutu ya yi ta gudu, ka dafe goshi. Direktarmu, Madam Zara'u, takan leƙo ta ce, "Mushe Ɗanbaba, lafiya dai?"

"Madam, ina daidaita su ne."

Sai ta fita a kan yatsun ƙafa.

5. Ranar rabo, ka dake

Ran nan mutanen Hawandawaki suka iso Tasawa da amalanken jakuna tun hantsi, wasu rabonsu da tuwo kwana biyu. An turo wani soja, Ajidan Mutari, ya sa ido a kan rabon. Na kunna sarber don buga sunaye, sai ta ce ta gaji da jira: mizajur na 1 cikin 137, kada a kashe.

"Minti nawa?" in ji ajidan.

"Ranka ya daɗe, yanzun nan."

Tana na goma sha tara gazuwal, man da gurup ɗin ba da wuta ke sha, ya ƙare.

6. Nemi ceto wajen ta biyu

Na buga waya Mayahi aka bugo sunayen, aka kawo a babur bayan azahar. Ashe tsohon lojisiyel ɗin can, in ya ga suna ya maimaitu, haɗe shi yake wuri ɗaya. Ajidan ya ɗaga takarda ya karanta da ƙarfi:

"Hawwa! 'Ya'ya ɗari biyu da goma sha biyu. Buhu arba'in."

Mata talatin da ɗaya suka miƙe. Ajidan ya dube su, ya dube ni. Na dubi takalmina.

7. Bar wa masu iyawa

Wata tsohuwa a cikinsu ta gyara zane ta ce, "Ɗana soja, aje takardar nan. Wacce ban yi wa wankan jego ba a cikinsu, na ci sunanta."

Ta hau kan buhu tana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Hawwa ta Bawa, baki bakwai. Hawwa mai ƙuli, baki huɗu da makahon suruki. Kafin la'asar sakaliya kowa ya ɗaure hatsinsa, har wanda sarber ba ta taɓa jin sunansa ba.

Ni kuwa da aka samo gazuwal, ajidan ya tsayar da ni ƙame gaban injin, hannu a goshi, har ta cika ɗari da talatin da bakwai. Da ta gama ta ce akwai wasu sittin.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan sarber ɗinsa ta haɗiye gari, ko aka sallame shi, ko ƙafarsa ta kumbura da tsayuwa, ba ruwana, ban san shi ba, ban kuma rubuta wannan takarda ba. Mai ƙorafi kada ya neme ni a biro. Ina kasuwar Mayahi ina cajin waya, sai dai ran da matan Hawandawaki suka shigo, ran nan ba na fitowa.